Neman shawara: ziyarar maƙabartar sojoji saboda kakana da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba

Malamin Firamare, Bauchi, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, sai yau da wata buƙata ta mahaifiyata ta sa dole in buɗe baki, tun da an ce matambayi ba ya ɓata.

Kakana na wajen uwa yana cikin samarin da aka ɗiba aikin soja daga ƙasar Bauchi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. An kai su Zariya aka horar da su, daga can aka gangara da su Ikko suka shiga jirgin ruwa. Ya bar kakata da cikin mahaifiyata, saboda haka uba da 'ya ba su taɓa sa juna a ido ba. Bayan an gama yaƙi, a shekarar 1946, wani abokin tafiyarsa ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu ya dawo, ya zo har ƙofar gida ya yi ta'aziyya, ya ce zazzaɓi ne ya yi ajalinsa a dajin Bama, kuma da shi aka yi masa sutura. Ya kawo carbinsa da wani cokalin ƙarfe. Iyakar abin da muka gada ke nan, babu hoto, babu takarda, babu ko lambarsa ta soja.

Inna ta haura shekara 80 yanzu, kuma tun tasowata ban taɓa jin ta ta da maganar mahaifinta ba sai a watan Mayun 2021, ranar da aka nuna jana'izar Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da waɗanda suka rasu tare da shi a haɗarin jirgin sama na Kaduna. Ta zuba wa talabijin ido har aka gama, sannan ta juyo ta ce da ni, "Ashe soja ma yana da maƙabartarsa, har a rubuta sunansa a kai?" Tun daga ranar, duk sallar da ta zo sai ta tambaye ni yaushe zan kai ta. Na yi ta ɗaga mata ranar, yau kuɗin mota, gobe jarrabawar yara, amma bana ƙafarta ta fara ba ta wahala, kuma na fara jin tsoron kada in yi ta jinkiri har lokaci ya ƙure.

Abin da nake son sani shi ne ko farar hula irina zai iya shiga maƙabartar sojoji ta Abuja, kuma ko akwai yiwuwar mu tarar da sunan kakana a can. Sannan ina roƙon malamai su faɗa mini yadda ya dace mu yi idan mun isa, domin ba na son in kai tsohuwa wurin da za a miƙa mata furanni ta rasa yadda za ta yi da su.

Tsohon Saje, Bauchi, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanka, ya saka maka da alheri da wannan niyya. Ni na yi aikin soja a ɓangaren tankokin yaƙi, wanda makarantarsa ke nan Bauchi, na je Laberiya cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG da aka tura a 1990, yanzu kuma ina cin fansho. Sau biyu na shiga maƙabartar da kake magana, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Tana kan hanyar filin jirgin sama, ba nisa da ƙofar shiga birnin Abuja. Wuri ne na soja, akwai masu gadi a ƙofa, kuma duk zuwan da na yi sai da muka nuna katin shaida muka faɗi wanda muka zo ziyarta. Shawarata kada ka ɗauki tsohuwa ka kama hanya haka kawai. Ka fara zuwa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiha, ka yi musu bayani kamar yadda ka yi mana, ka roƙi takarda ko sunan wanda za ka nema idan ka isa. Ka bar waya a aljihu har sai ka nemi izinin ɗaukar hoto. Hanyar kuma ta Jos da Akwanga da Keffi doguwa ce ga mai shekarun Inna, ku kwana ku huta, ku shiga da sanyin safiya.

Kada ka zaɓi ranar 15 ga Janairu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa a maƙabartar ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya, alhali ajiye furannin da shugaban ƙasa ke yi da sakin fararen tattabaru a kabarin sojan da ba a san sunansa ba ake yin su, can cikin gari kusa da dandalin Eagle Square, gwamnoni kuma kowa ya yi nasa a jiharsa. Rana ce ta manya da jiniya da matakan tsaro, talaka ba ya samun wurin tsayawa. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, domin ita ce ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu saboda a ranar ne Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Mu mutanen Bauchi kuwa ranar tana da wani nauyi na daban a wurinmu, tun da a irinta ce a 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci ran Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu.

Amma gaskiya ɗaya ce, Malam, ba za ka sami kabarin kakanka a Abuja ba. Waɗanda ke kwance a can mutanen zamaninmu ne. Akwai Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, gwanin tankokin yaƙi da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma a kansa na fi daɗewa a tsaye. Akwai Tolulope Arotile, yarinyar nan matuƙiyar jirgin yaƙi mai saukar ungulu da ta rasu a 2020, da sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024, da Laftanar Janar Taoreed Lagbaja da aka binne a Nuwamban shekarar. Yawancin yaran da suka faɗi a yaƙin Boko Haram ma ba a can suke ba, suna maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri. Ni kaina akwai abokaina na Laberiya da har yau ban san inda suke kwance ba.

Mai Bin Tarihi, Gombe, ya amsa:

Baba Saje ya faɗi gaskiya game da Abuja, amma ina ganin bai kamata Malam ya fid da rai ba, domin mai yiwuwa sunan kakansa yana nan a rubuce, sai dai a wata nahiya. Da farko, saboda matasan da ke karanta wannan, Baman da tsofaffi ke nufi ba Bama ta jihar Borno ba ce. Ƙasar Burma ce da ke gabas da Indiya, wadda yanzu ake kira Myanmar, kuma Japanawa ne aka yaƙa a can, ko da yake a gida sunan Hitila ne ya bi yaƙin duka.

Runduna biyu Ingila ta haɗa daga Afirka ta Yamma ta kai can, ta 81 da ta 82, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu, har Hausa ce harshen da ake magana da shi tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji a bataliyoyinmu. Runduna ta 81 ta tashi a 1943, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da ke yankin Arakan, dajin da mota ba ta shiga, sai a ɗauki kaya a ka, abinci da harsashi kuma a jefo su daga jirgin sama. Birged ɗinta guda, mai bataliyoyi uku na Najeriya, an ware ta aka haɗa da mayaƙan Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, kuma rundunonin biyu suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Labarin zazzaɓin da aka kawo wa kakarka ya yi daidai da abin da aka sani, domin cizon sauro da atini da sauran cututtukan daji sun kwantar da mutane da yawan gaske. Duk wanda ya taɓa mamakin sunayen barikokinmu, irin su Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, to, daga wancan yaƙin aka kwaso su. Muna faɗinsu kullum a tashar mota ba tare da sanin cewa wuraren da kakanninmu suka zubar da jini ba ne.

Akwai hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ana taƙaita sunanta da CWGC. Ƙa'idarta ita ce ta rubuta sunan mamaci a yankin da ya faɗi. Bayan yaƙi ta kwaso gawawwaki daga ƙananan maƙabartun fagen fama ta tara su a Taukkyan, arewa da birnin Yangon, inda akwai kaburbura sama da 6,000, a tsakiyarsu kuma aka gina wani dogon gini mai ginshiƙai da aka sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a gano kaburburansu ba. Wanda abokansa suka binne a cikin daji, kamar kakan Malam, a jikin wannan gini ya fi dacewa a neme shi. Idan kuwa an kai shi asibitin baya kafin ya cika, to akwai sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartun Chittagong da Maynamati, cikin ƙasar Bangladesh ta yau. Zuwa Myanmar ba abin da zan ba tsohuwa shawara ba ne, ƙasar tana cikin rikici tun juyin mulkin 2021, amma hukumar ta sa sunayen a shafinta na intanet, kuma kyauta ake dubawa.

Wahalar tana wajen sunan. Da kunne Turawa suke rubuta rajista, sai Muhammadu ya koma Momadu, Usmanu ya koma Osumanu, kuma maimakon sunan uba sau da yawa sunan gari suke liƙa wa mutum, wane Bauchi, wane Katagum, wane Misau. Wasu ma da sunan aro suka shiga. Ka gwada kowane irin rubutu da ya zo maka, ka haɗa da sunan garinku da na gundumarku. Kuma ka shirya wa rashin samu, domin hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, da ba a rubuta sunayensu ba, alhali Turawan da suka mutu tare da su kowa da sunansa a rubuce.

Wani abu kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka zo wannan magana. Rundunar da kakanninmu suka shiga ita ce dai wadda ta faɗa wa Burmi, nan kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yulin 1903, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗimbin jama'ar da suka biyo shi hijira, a ranar da Manjo Marsh mai jagorantar sojojin Turawa shi ma ya mutu. Nakan je wurin in yi addu'a, kuma ban taɓa ganin an busa wa mutanen Burmi begila ba. Idan za a girmama waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila yaƙi, ina matsayin waɗanda suka ƙi shi?

Tsohon Saje, Bauchi, ya sake amsawa:

Ɗana Mai Bin Tarihi, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, shekarun da na yi ina shiga Dalet ban san daga inda sunan ya fito ba. Maganar Burmi kuma ba zan musa maka ba, sun cancanci a tuna da su fiye da yadda ake yi. Sai dai kada mu ɗora wannan kaya a kan kakan Malam. Shekara 40 ke tsakanin Burmi da tafiyarsu, kuma yaron ƙauyen da aka ce wa hakimi ya kawo mutum kaza, dagaci ya nuna shi, ba shi da ta cewa a kan wanda zai yaƙa. Soja ba ya zaɓen yaƙinsa, ni ma ba a tambaye ni ra'ayina kafin a sa ni a jirgin Monrobiya ba. Tsohuwa mahaifinta take nema, ba Sarkin Ingila ba.

Almajirin Zaure, Azare, ya amsa:

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Game da abin da Malam ya tambaya na addini, asalin ziyarar kaburbura halal ce, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko, daga baya ya yi umarni da ita saboda tana tunatar da lahira. Ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a shekara 8 bayan yaƙin, kuma ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka. Saboda haka abin da ke zuciyar Inna ba baƙon abu ba ne.

Wuri biyu malamai suka yi saɓani, kuma gara ka san su tun daga gida kafin wani ya tare ka da su a hanya. Na farko ziyarar mata, wadda wasu suka hana, da yawa kuma suka halatta idan babu kururuwa da yawan zarya, balle ga dattijuwa mai irin waɗannan shekaru tare da ɗanta. Na biyu ɗaura niyyar doguwar tafiya musamman saboda kabari, wanda wasu suke ƙi. Idan kuna da dangi a Abuja, ku yi niyyar zumunci, ziyarar ta biyo baya, kun fita daga saɓanin.

Idan kun shiga, ku yi sallamar da aka koyar ga ma'abota kaburbura daga muminai da musulmi, ku roƙa musu gafara da rahama, ku roƙa wa kanku lafiya. Allah ake roƙo, ba mamaci ba. Kada a taka kabari, kada a zauna a kansa, kada a yi salla ana fuskantarsa. Furanni da busa begila da harba bindiga al'adar soja ce, ba mu gaje su daga magabata ba, kuma ba wanda zai tilasta wa Inna. Ba kuma aikinku ba ne ku yi wa masu yi wa'azi a wurin. Za ku ga kaburburan Kirista, domin tare suka yi aiki tare suka mutu, sai ku wuce su cikin natsuwa da mutuntawa, tun da Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Sannan ka sanar da ita cewa addu'ar ɗa ga mahaifinsa tana isa daga kan buzunta na salla, haka ma sadaka, ko da ƙafarta ba ta taka ko'ina ba.

Uwar Marayu, Gombe, ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, kuma ni ma haka aka yi ta faɗa mini. Amma ina roƙon a bar ni in faɗi abin da ya same ni, domin ina ganin na fi kowa a nan kusa da halin da Inna take ciki.

Maigidana soja ne, ya rasu a bakin daga a Borno, aka binne shi a Maimalari ina Gombe. Ban ga gawarsa ba, kaya kawai aka kawo mini a jaka. Na yi takaba wata 4 da kwana 10, na yi addu'a, na yi sadaka, amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, ina cewa ko kuskure aka yi. Sai bayan shekara biyu, ina cikin zaryar takardun haƙƙinsa daga wannan ofis zuwa wancan, yayana ya kai ni Maiduguri ta Potiskum da Damaturu tare da babban ɗana. Wani kofur ya raka mu yana duba layi har ya tsaya. Ni ban iya duban allon ba, yaron ne ya karanta sunan ubansa da lambarsa da ƙarfi, kamar yana karatu a aji. A ranar na yarda ya rasu, kuma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Gani ya kori ji.

Mu a garuruwanmu ba ma rubuta suna a kabari, kuma ba ya damunmu, saboda mun ga wanka, mun ga an ɗauki makara, maza sun dawo sun ce an rufe. Wanda aka ce maka ya mutu a wata uwa duniya, ba ka ga komai ba, sunan nan shi ne makararsa a wurinka. Don haka, Malam, idan ka sami sunan a intanet, kada ka nuna mata a waya. Ka buga shi a takarda da manyan baƙaƙe ka sa mata a hannu. Idan kuma ta ce duk da haka sai ta je Abuja, ka kai ta, ka riƙe mata kujerar roba da lema da ruwa, domin tsayuwa a irin wurin tana kashe gwiwa, kuma kada ka hanzarta ta.

Malamin Firamare, Bauchi, ya sake rubutawa:

Na gode, Baba Saje, na gode, Allah ya gafarta Malam, da ɗan'uwana na Gombe. Yaya Uwar Marayu, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Na karanta wa Inna saƙonki, ta sa na maimaita mata wurin da yaron ya karanta sunan.

Jiya da dare ni da 'yata muka shiga shafin hukumar. Mun ci karo da abin da aka gargaɗe ni, sunan kakana suna ne gama-gari, kuma masu irinsa da aka liƙa wa Bauchi sun fi ɗaya, ba mu da abin da za mu bambance su da shi. Inna ta ce a buga mata su duka. Zuwa Abuja kuma ba ta janye ba, mun tsayar da bayan girbi, kuma ranar Litinin zan leƙa ofishin 'yan mazan jiya kamar yadda Baba Saje ya ce.

Na tuna cewa mutumin da ya kawo carbin yana da jikoki a ƙauyensu, kuma na taɓa jin an ce littafinsa na sallama daga soja yana nan cikin wata adaka. Zan je ranar Asabar in roƙa a nuna mini. Ɗan'uwa Mai Bin Tarihi, idan na samo lambarsa da bataliyarsa, tun da rana ɗaya aka ɗebe su kuma tare suka yi zaman daji, shin hakan zai isa a gane wanne ne kakana a cikin sunayen?